Yadda ake zama lauyan diyyar filaye a arewacin Kamaru, da yadda ake riƙe dosiye (fayil ɗin aikin) har kuɗi su fito

Wannan bayani na ƙannenmu ne masu karatun doka a Ngaundere da Marwa da Garwa, waɗanda kullum tambayarsu ɗaya ce, wai wane fanni mutum zai kama in Allah ya sa ya zama avoka, wato lauya. Kowa hankalinsa na Duwala da Yawunde, shari'ar bankuna da kamfanoni, alhali ga aiki nan a ƙofar gida ba mai yi. Duk inda gwamnati ta ce za ta ja titi ko layin wuta ko ta gina dam ko ta faɗaɗa fadamar shinkafa, toh filin wani za a ɗauka, kuma wannan wanin yawanci manomi ne da bai iya Faransanci ba. An yi dam ɗin Lagdo a 1982, an ja bututun mai daga Doba ta Chadi har Kribi, kilomita 1070, aka gama a 2003, ga titin Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, ga gadar Yagwa da Bongor, ga layin wutar da zai haɗa Kamaru da Chadi. Aikin ba zai ƙare ba.

Farko dai karatu, kuma nan ba zan daɗe ba don kun fi ni sanin hanyar jami'a. Bayan bak, wato jarrabawar kammala sakandare, sai lisans, wato digirin farko, a fannin doka, ko a Dang ta Ngaundere ko Marwa ko Garwa duk ɗaya ne. Abin da zan ce kawai, darussan da ɗalibai ke rainawa su ne abincinka: dokar filaye, dokar gudanarwar gwamnati da yadda ake ƙarar hukuma, sai dokar gado. In da hali ka ƙara masta. Daga nan sai dokar aikin avoka, lamba 90/059 ta 19 ga Disamba 1990, ita ta tsara komai: ka ci jarrabawar shiga sitaj, wato koyon aiki, ka yi shekara biyu ƙarƙashin wani babban Metir, wato gogaggen lauya, ka sake zama jarrabawar CAPA ta shaidar ƙwarewa, ka yi rantsuwa gaban kur dapel, kotun ɗaukaka ƙara, sannan sunanka ya hau jerin baro, ƙungiyar lauyoyi. Baro ɗaya ne a duk ƙasar, don haka wanda ya yi rantsuwa a Garwa zai iya tsayawa a kotun Kusiri ko ta Yawunde. Matsalar ita ce jarrabawar ba kowace shekara ake buɗe ta ba, wani lokaci sai a yi shekaru shiru, saboda haka kar ka zauna gida kana jira, ka nemi kabine, wato ofishin lauya, ka shiga ko da ɗaukar dosiye ne zuwa girefe, ofishin rajistar kotu. Kuma wajen zaɓen Metir kar ka duba motarsa, ka duba ko dosiyen filaye na shigowa teburinsa.

Sai harshe. Takarda da Faransanci ake yi, amma mutanen da za ka kare da Fulatanci za su yi maka bayani, a Logon da Shari kuma Larabcin Shuwa. Hausarka za ta yi maka aiki a kasuwa da cikin gari, amma in ka shiga ƙauyen Tupuri ko Masa ko Musgum ka nemi tafinta naka na kanka, wanda ba ɗan gidan lawan, wato dagaci, ba, don wani lokaci rigimar ma da lawan ɗin ake yi.

Yanzu dokokin da dole su zauna a kanka kamar Fatiha. Odonans, wato dokokin shugaban ƙasa, 74-1 da 74-2 na 6 ga Yuli 1974, su suka raba ƙasa gida-gida. Doka lamba 85/009 ta 4 ga Yuli 1985, ita ce uwar maganar karɓe fili don amfanin jama'a da biyan diyya. Dekire, wato umarnin gwamnati, 87/1872 na 16 ga Disamba 1987 shi ya faɗi yadda ake aiwatar da ita. Dekire 2003/418/PM na 25 ga Fabrairu 2003 shi ne farashin shuka da bishiyoyi. Akwai kuma arete, wato umarnin minista, na 20 ga Nuwamba 1987 na lissafin kuɗin gine-gine. Ka buga su a takarda ka sa a jaka, don a ƙauye rezo, wato layin waya, ba tabbas.

Toh an kawo maka dosiye. Wani dattijo ya shigo ya ce Metir an ce titi zai bi ta gonata. Tambayarka ta farko, tun kafin ka tambayi girman gonar: Baba, akwai titir fonsiye? Amsar nan ita ke raba komai, domin dokar 1985 ta ce fili mallakin mutum wanda doka ta sani shi ake karɓewa a biya, kuma a Kamaru shaidar mallaka ita ce titir. Wanda ba shi da titir, ko kakan kakansa ne ya sare dajin, a idon doka filin domen nasiyonal ne, wato na ƙasa da gwamnati ke kula da shi, ba za a biya shi kuɗin ƙasa ba, sai dai abin da ya yi a kanta, gini da shuka da bishiya da rijiya. Takardar da jauro, wato mai unguwa, ko lawan ya sa wa hannu, ko ta sayen fili da aka rubuta gaban shaidu a zaure, tana da amfani wajen nuna cewa shi ke zaune a wurin tun yaushe, amma ba titir ba ce. Ka gaya masa wannan tun ranar farko, a hankali, da girmamawa, kar ka bar shi ya tafi yana lissafin miliyoyin da ba za su zo ba. A ganina wannan ita ce babbar rashin adalcin tsarin, don a yankinmu masu titir a karkara ƙalilan ne, amma aikinka ba kuka ba ne, aikinka ka tabbata duk abin da ke kan ƙasar nan an kirga shi.

Ko mai titir ɗin ma kashi biyu ne, kuma matasan lauyoyi da yawa nan suke zamewa. Wanda ya sayi filinsa ta hannun noter, jami'in da ke rubuta ciniki a hukumance, ko ya saya daga gwamnati, za a mayar masa kuɗin da ya saya haɗe da kuɗaɗen da ya kashe wajen mallaka. Wanda kuwa filin gado ne na gargajiya ya je ya yi masa titir, diyyarsa ba za ta wuce mafi ƙarancin farashin da hukuma ta sa wa filayen gwamnati marasa gyara a wannan yankin ba. Kaga kenan farashin kasuwa na yau bai shigo ba sam. Nan kuma masu rage kuɗin saye a takardar noter don gudun haraji suke cizon yatsa, don abin da aka rubuta shi za a duba.

Mataki na gaba, ka nemo arete na DUP, wato takardar da ministan MINDCAF, ma'aikatar filaye, ya sa wa hannu cewa aikin na amfanin jama'a ne. Kar ka yarda da an ce an ce. Ka je prefekti, wato ofishin prefe shugaban departema (gunduma), ko ofishin domen mai kula da filaye na departema ka nemi kofi, ka duba kwanan wata, ka duba wane yanki ta ambata da faɗinsa, ka duba wane mataki na komisiyon aka kafa, na departema wanda prefe ke shugabanta, ko na jiha wanda gwamna ke shugabanta, ko na ƙasa baki ɗaya. Kwanan watan na da muhimmanci ta fuska biyu. Ɗaya, daga ranar an daskarar da filin, ba sayarwa, ba izinin gini, ba sabon aiki. Mutanenmu da sun ji titi na zuwa sai a kama dasa mangwaro cikin dare ana ɗora bulo, ka hana wanda kake karewa, asarar kuɗi ce kuma tana ɓata sauran dosiyen. Biyu, arete ɗin yana mutuwa in an yi shekara biyu da sanar da shi ga masu aikin ba a karɓe filin ba, sau ɗaya ake iya ƙara masa wa'adi, na shekara ɗaya. Ka rubuta wannan rana a bangon dosiye da jan biro.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake, kuma nan zan daɗe. Shari'ar diyya ba a kotu ake cinta ba, ranar da komisiyon ta sauka gona ta yi kirge ake ci ko a faɗi. Abin da aka rubuta a PV, wato rahoton kirgen, ranar shi zai tafi Yawunde, shi zai dawo cikin dekire, shi alƙali zai buɗe in kun je kotu bayan shekara uku lokacin da katafila ta riga ta share bishiyoyin ba abin da za ka nuna. Doka ta ce a sanar da jama'a aƙalla kwana 30 kafin ranar, ta hannun sarakuna da masu unguwa, a kuma liƙa sanarwa. Waɗannan kwana 30 su ne naka.

Ka je wurin da ƙafarka kafin su zo. Ka ɗauki wisiye, jami'in shari'a mai rubuta abin da ya gani da ido, ya yi konsta, wato rahoton shaida, don hoton wayarka kaɗai ana iya musunsa amma takardar wisiye tana da nauyi. Ku kirga bishiya ɗaya-ɗaya, ku raba manya da ƙanana, ku shafa wa kowace fenti da lamba. Bambancin ba ƙarami ba ne: a dekiren 2003 ƙaramin mangwaro sefa dubu 5 ne, babba dubu 35, haka lemo. Mai mangwaro 40 in aka rubuta masa su a ƙanana, ka lissafa da kanka abin da ya tafi. Hatsi da gyaɗa da wake da murabba'in mita ake biya, don haka awo ya zama daidai, in gonar babba ce a kira jeometir, mai awon fili. Ka lura da lokaci kuma, gonar masakwa ta karal, wato dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka, in aka zo kirge bayan girbi fili ne fetal a bushe ya tsattsage, mai kirge zai rubuta ba komai, dole ka sa a rubuta cewa gona ce ake nomawa duk shekara, ka kawo shaidu da maƙwabta. Darbejiyar da aka dasa a ƙofar gida bishiyar inuwa ce, tana da farashinta. Tsamiya da kuka da ɗorawa da kaɗanya nan ake jayayya, za a ce maka Allah ne ya shuka, kai kuma ka nuna ana kula da su ana cin amfaninsu, ka nace a rubuta su ko da a gefen takarda ne.

Gini kuma ka auna kowane ɗaki, ka rubuta da me aka yi shi, bulo ko jar ƙasa, kwano ko ciyawa, daɓen siminti ko babu. Kar a manta katanga da rumbu da rijiya da masai da turken dabbobi da rumfar shago. Kabari ma a rubuta, don tono da mayarwa kuɗi ne kuma magana ce mai nauyi ga iyali. Ka sani doka ta ce ba a biyan ginin da ya tsufa yana shirin faɗuwa ko wanda aka yi ba bisa ƙa'idar tsarin gari ba, kuma da wannan sashe ake yawan kayar da gidajen ƙasa, shi ya sa hoto mai kyau da ke nuna mutane na kwana a ciki yana da amfani.

Sai takardun mutane, wanda shi ne ciwon kai na gaske. Diyya da suna take fitowa, kuma ranar biya katin ɗan ƙasa za a tambaya. Da yawa ba su da kati, wasu ko takardar haihuwa babu, sai an bi ta kotu an yi jujuma sufletif, hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa. Ka fara wannan tun yau don yana cin watanni. Sunan da ke kan kati shi za a rubuta a PV harafi da harafi, in kati ya ce Oumarou kar a rubuta Umaru, in ya ce Aissatou kar a rubuta Aisha, harafi ɗaya na iya tsayar da kuɗin mutum shekara. In mai filin ya rasu, a yi jujuma na gado a fitar da magada da wanda zai wakilce su, in ba haka ba babban wa zai sa sunansa shi kaɗai, ranar da kuɗi suka fito gida ya kama da wuta. Ka tambaya musamman ina matan gidan, wace gona ce ta gwauruwa, wane lambu ne na inna, don in ba ka tambaya ba ba wanda zai faɗa. Haka wanda ya ari gona ko ya yi haya ya shuka, amfanin gonar nasa ne ba na mai ƙasa ba, a raba layi biyu.

Ranar kirge ka riga kowa zuwa. A komisiyon za ka ga prefe ko wakilinsa, mutanen domen da kadastir masu awon filaye, na aikin gona, na gine-gine, magajin gari, ɗan majalisa, wakilin masu aikin, da lamido ko lawan. Ka gaida kowa yadda ya kamata, ka je ka durƙusa wa lamido tun kafin ranar ma, ba don zai ba ka gaskiya ba sai don in ya juya maka baya ba mai buɗe baki a ƙauyen. Ba faɗa ka zo yi ba. Ka bi masu kirge ƙafa da ƙafa da takardarka a hannu, in sun ce 28 kai kana da 34 ku koma ku sake kirgawa nan take. Kar wanda kake karewa ya dangwala yatsa a takardar da ba a cike ba, ko wadda aka cike da fensir. A karanta masa da harshensa. In akwai abin da ba ku yarda ba, ka sa a rubuta ƙorafin cikin PV, in an ƙi, washegari ka kai wasiƙa ofishin prefe a buga maka hatimin karɓa a kofinka. Kuma ka sa ido kan jerin sunaye, don sunayen bogi na shiga, mutanen da ko hanyar ƙauyen ba su sani ba. Badaƙalar diyyar tashar jirgin ruwa ta Kribi har kotun musamman ta masu cin dukiyar ƙasa ta kai.

Wani abu da ba a koyarwa a aji: ka binciki wa ke ba da kuɗin aikin. In kuɗin gwamnati ne zalla, dokar 1985 da farashin 2003 za ka yi ta fama da su, farashin da ya fi shekara 20 ba a taɓa ba alhali buhun siminti ya tashi. In kuwa Bankin Duniya ne ko Bankin Raya Afirka, wasa ya canza. Ƙa'idar Bankin Duniya, wadda a da ake kira OP 4.12 yanzu NES 5, ta ce a biya abin da zai isa mutum ya maye gurbin abin da ya rasa, a biya kafin a tashe shi, kuma ko marar titir a taimaka masa ya sake zama. Irin waɗannan ayyuka suna da kundin da ake kira PAR, tsarin sake tsugunar da jama'a, ana wallafa shi a intanet, ka sauke ka karanta shafi-shafi, akwai ranar rufe kirge a ciki da farashin da suka yi alkawari da ofishin kai ƙorafi. Sau da yawa wasiƙa ɗaya mai ambaton shafin PAR ta fi shekara biyu a kotu amfani. Makiyaya ma ta nan ne kawai suke samun abin kamawa in aiki ya toshe burtali ko mashaya, don a dokar gida ciyawar daji ba aikin hannun kowa ba ce.

Bayan kirge dosiye zai tafi MINDCAF, sai jira, wani lokaci jira mai tsawo, har dekire ya fito da sunaye da adadin kowa. Daga ranar da aka wallafa dekiren karɓewa mutane na da wata shida su tashi, in an ce aikin gaggawa ne wata uku. A ƙa'ida biya ake fara yi kafin tashi, amma dokar ta bar ƙofa cewa a wasu lokuta mai aikin na iya shiga kafin kuɗi su fito, kuma ta wannan ƙofa ake yawan bi. Ka samu kofin dekiren ka gwada shi da lissafinka layi-layi.

In adadin bai yi ba, hanya biyu ce kuma kar ka haɗa su. In kuɗin ne kuke jayayya, ka fara rubuta ƙorafi zuwa hukumar domen, in ba ku gamsu da amsa ba kuna da wata ɗaya tak daga ranar da aka sanar da ku ku kai ƙara kotun shari'a ta inda filin yake. Wata ɗaya, ƙanena, ba wata ɗaya da kwana biyu ba. Ka gaya wa mai ƙara gaskiya cewa alƙali na iya ƙarawa, na iya barin yadda yake, na iya ma ragewa, kuma da ma'aunin dokar nan zai yi lissafi, ba da tausayi ba. Shi ya sa ƙarar da ta fi ci ita ce ta an manta bishiya 12, an rage awon gida, an sa babba a ƙarami, ba ta farashi ya yi kaɗan ba. In kuwa takardar hukumar kanta kuke cewa ba ta bi doka ba, misali arete ya mutu kafin a yi dekire, ko ba a yi sanarwa ba, ko an ɗauki filin an ba wani ɗan kasuwa, wannan ta kotun gudanarwa ce, akwai ta a Garwa da Marwa da Ngaundere. Can kuma dokar 2006/022 ta ce sai ka fara kai kuka ga hukumar da ta yi takardar cikin wata uku, in ta yi shiru wata uku an ƙi kenan, sai ka shigar da ƙara cikin kwana 60. Dosiye masu kyau da yawa a nan suke mutuwa, ba a ko buɗe su ba, saboda an tsallake wannan kukan na farko. Kuma ka sani rigimar wa ke da fili tsakanin mutum biyu ba ta tsayar da aikin, katafila za ta wuce, rigimar ta koma kan kuɗin.

Maganar kuɗin aikinka. Mutanen nan ba su da abin biya a farko, kuma dosiyen na iya shekara uku ko fiye, ga kuɗin mai zuwa ƙauye ga na wisiye ga na jeometir. Abin da ya fi shi ne ƙauye su haɗu su kafa kwamiti su yi karo-karo don kuɗin zirga-zirga, kowane mutum kuma ya sa hannu a takardar wakilci tasa daban, kar ka dogara da sa hannun shugaban kwamiti kaɗai. Ladanka a rubuta shi a yarjejeniya tun farko daidai da ƙa'idar baro, a karanta a bainar jama'a. Kar ka bi gida-gida kana tallan kanka, baro na hukunta wannan. Kar ka karɓi ko sisi daga kamfanin da ke aikin da sunan kuɗin mai. Wanda ba shi da hali sam akwai dokar taimakon shari'a ta 2009, ka cike masa takardar nema a kotu.

Tsakanin manyan ayyuka kuma ba zama za ka yi ba. Ka riƙa taimaka wa mutane suna yin titir tun kafin a ji ƙishin-ƙishin ɗin titi. Wanda iyalinsa ke zaune ko noma a fili tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana da damar neman titir kai tsaye, ana ajiye takarda a ofishin suprefe, na ƙasa da prefe, komisiyon ta zo ta gani a kafa born, wato turakan iyaka, kuma tun gyaran 2005 a departema ake fitar da titir ba sai an je Yawunde ba. Da zarar DUP ta fito wannan ƙofa ta rufe.

Ranar biya ka kasance a wurin da kofin dekire da jerin mutanenka. Kowa ya zo da katinsa na asali, ya kirga kuɗinsa ko ya duba cek ɗinsa kafin ya sa hannu, in adadin bai kai na dekire ba kar ya sa. Wanda ke da ƙara a gaba ya rubuta kusa da sa hannunsa cewa ya karɓa ne ba tare da ya janye ƙorafinsa ba. Ka ɗauki hoton kowane rasit, ka ajiye kofi biyu, ɗaya a kabine ɗaya wajen kwamitin ƙauye, don waɗanda aka tsallake sunansu da waɗannan takardu za ka nema musu dekire na cike gibi.